Amalanken Mota: Ka Sa A Ƙera Maka Ko Ka Sayi Gamamme?

Ranar wata Litinin, rana ta take tsaka, wani Alhaji mai sayen aya da wake a ƙauyukan wajen Agye ya tsayar da motarsa a ƙofar shagona. Bayan mun gaisa sai ya ce, "Malam, amalanke nika so irin na maƙwabcina, wanda za ni riƙa ja da mota. Nawa za ka yi mini shi?" Na ce, "Alhaji, buhu nawa za ka ɗora?" Ya ce goma. Na ce, "To, zauna mu yi lissafi tukuna, maganar kuɗi tana baya."

Shekarata ashirin da 'yan kai ina walda a Maradi, kuma tambayar nan ta buhu nawa ita nake fara yi wa kowa, domin ita ke raba mai ƙerawa da mai saye. Buhun gero ko na wake a nan kilo 100 ne, tiya arba'in. Buhu goma tan guda ke nan. Buhun siminti kilo 50. Duron ruwa na lita 200 kilo 200 ne, ban da nauyin duron kansa. Yashi kuwa shi ya fi yaudarar ido: akwatin da tsawonsa mita 2.5, faɗinsa mita 1.25, zurfinsa santimita 40, in ka shaƙe shi da yashi ka tasam ma tan biyu. Mutum zai ce maka ɗan kaya ne na gona, ranar da ya tashi gini kuma da shi zai kwaso yashin Gulbi. Saboda haka ka faɗa wa mai walda mafi nauyin abin da ka san wata rana za ka ɗora, kada ka faɗa masa na kullum.

Akwai wani adadi da ya kamata ka riƙe, kilo 750. Yarjejeniyar dokokin hanya ta duniya da aka ƙulla a Biyana ta ƙasar Austriya a 1968 ta kira abin ja da nauyinsa duka bai wuce kilo 750 ba da sunan mara nauyi, kuma a nan ne ƙasashe da yawa suka ja layi: in ya haura, sai da birki nasa na kansa. Kilo 750 ɗin nan har da ƙarfen amalanken. Wanda zan kwatanta a ƙasa yana kai wajen kilo 300 ba kaya. Abin da ya rage maka buhu huɗu da rabi. Da na faɗa wa Alhaji haka sai ya yi shiru, don shi goma ya sa a ransa. Na ce masa tan guda a bayan ƙaramar mota ba birki, ranar da jaki ya gitta maka a hanyar Tasawa, kai ka taka birki, kayan kuma su ci gaba da tura ka.

Daga nan shawarar ta fito da kanta. In kayanka sun haura wannan nauyi, kuma kan kwalta za ka riƙa gudu, ko kana ƙetara iyaka ta Ɗan Isa zuwa Jibiya da Katsina inda za a tambaye ka takardu, ka nemi na kamfani mai birki, mai ɗan allon ƙarfe a wuya (ƙarfen da ke haɗa amalanke da mota) da ke ɗauke da lambarsa da nauyin da aka yarda ya ɗauka. Wannan allon da birkin da ke kama kansa idan mota ta rage gudu, ni ba na iya yi maka su a shago, kuma ba zan ce ina iyawa ba. Sai dai na Turai da ake kawowa na hannu suna da nasu ciwon. An yi su ne don hanya mai santsi, tayoyinsu ƙanana, cikinsu kusa da ƙasa, kuma da yawansu roba ce a cikin aksil ɗin, wato ƙarfen da tayoyi ke kansa, maimakon sifirin, in ta mutu babu mai gyara ta, sai dai a sake aksil ɗin gaba ɗaya. Ga shi tun da aka rufe iyakar Binin a 2023 kayan tashar ruwa sun ƙara nisa da tsada.

In kuwa hanyarka ta rairayi ce da kwazazzabai, irin ta ƙauyukan Mayahi da Dakoro, kayanka buhu huɗu ne, ko raguna, ko injin ban ruwa da za a kai fadamar Madarunfa, to ƙerawa ta fi maka. Za a ɗaga masa ciki, a sa masa taya irin ta motarka yadda safaya guda za ta ishe ku, kuma duk abin da ya lalace akwai shi a wajen masu kayan tsofaffin motoci.

Gamammun da ake jerawa bakin hanya da sabon fenti, akwai nagari a cikinsu, amma fenti yana rufe asiri. Ka je da sukundireba ka kankare inda wuya ya haɗu da gangar jiki. In abin da ya fito fari ne mai laushi, mastik aka cusa a ramin walda, ka kama gabanka. Ka sa a ɗaga taya ɗaya, ka riƙe ta sama da ƙasa ka girgiza. In tana kaɗawa boris, wato ƙwallayen da taya ke juyawa a kansu, ya tafi. Ka juya ta ka saurara ko tana gurnani.

Yanzu ga wanda ya yanke shawarar ƙerawa.

Aksil ake fara saye, ba ƙarfen jiki ba. Faɗinsa shi zai faɗa maka faɗin firam, ƙarfinsa shi zai faɗa maka kayan da za ka ɗauka. Da yawa suna son gadar baya ta tsohuwar Peugeot 504 mai buɗaɗɗen baya, kuma tana da ƙarfi, sai dai tana da nauyi, kuma dole a bar mata mai a ciki don haƙoranta suna ci gaba da juyawa ko da ba a haɗa ta da inji ba. Na fi son miƙaƙƙen aksil na bayan motar da ke ja da gaba, in an samu wanda bai taɓa lanƙwashewa ba. Ka ɗora dogon ƙarfe miƙaƙƙe a kansa ka duba. Wanda aka taɓa gasawa da wuta aka miƙe, za ka ga launin ƙarfen ya sauya a wurin, kada ka karɓa ko kyauta ce. Ka sayi sifirin biyu daga mota ɗaya, ganyensu daidai, kada a haɗa maka na wannan da na waccan.

Taya tana da rubutu a gefe, ka koyi karanta shi. Lambar da ke bayan girman taya ita ce nauyin da take ɗauka: 82 kilo 475, 88 kilo 560, 91 kilo 615, 100 kilo 800. Mai harafin C irin ta motocin kaya, kamar 195 R14C mai lamba 106, tana ɗaukar kilo 950. Akwai kuma lambobi huɗu a ƙarshen layin da ya fara da DOT. In ka ga 2319, an yi ta a mako na 23 na shekarar 2019. Tayar da ta tsufa, ko zanenta na nan, zafin watan Afirilu a kan kwalta yana fasa ta.

Girman akwati ina ba da shawarar mita 2.5 da mita 1.25, don akwai falankin ƙarfe da ke zuwa da wannan awo, ba yanka ba asara. Lissafin nauyi ba wuya: falanki mai kaurin milimita 1 yana da kilo 7.85 a kowace murabba'in mita. Mai milimita 2 a wannan girma kusan kilo 49 ne. Dogayen ƙarfe biyu na gefe ina sa mai kwari, wanda ake kira UPN 80, kilo 8.64 a mita, mita biyar kilo 43. Wuya da irinsa, wajen mita huɗu, kilo 35. Na gicciye guda shida, kowane rabin mita, da ƙarfe mai kusurwa 50 da 50 kauri 5, kilo 3.77 a mita, kilo 28. Ka ga an kai kilo 155 tun ba a sa aksil da sifirin da tayoyi da bango ba. Wannan lissafi yana da amfani biyu. Yana nuna maka abin da ya rage na kaya, kuma da shi za ka gane ko ƙarfen da aka sayar maka cikakke ne. Yawancin ƙarfenmu ta Kano da Katsina yake shigowa, farashinsa yana hawa da sauka da canjin naira, kuma akwai wanda sunansa kauri 5 amma in ka auna bai kai ba. Ka ɗora sanda guda a sikeli, ka auna tsawonta, ka raba. Sikeli ba ya jin kunyar kowa.

Wurin da za a shimfiɗa firam dole ya zama daidai. Ni a kan dakalin siminti nake yi, na bi shi da ma'aunin ruwa. A jera ƙarafan, a ɗiɗɗiga walda kaɗan a kusurwoyi huɗu, a tsaya. Sai a ja mita daga kusurwa zuwa wadda ke kallonta a karkace, a sake ja ta ɗaya ɓangaren. A wannan girma kowanne ya ba da mita 2 da santimita 79 da rabi. In sun bambanta, a buga da guduma har su daidaita kafin a ci gaba. Walda tana jan ƙarfe idan tana hucewa, don haka ba a gama gefe ɗaya a koma ɗayan. Ana yin nan kaɗan, a tsallaka can, a dawo, ana sake awo a tsakani. Yaron da ya yi gaggawa a nan zai ba ka amalanken da ke tafiya a karkace kamar kare, yana cin taya ɗaya har ƙarshen ransa.

Aksil ba a tsakiya yake zama ba. A bar kashi 60 na akwatin a gabansa, 40 a bayansa, wato mita 1.5 daga gaba. Dalili shi ne ana son kusan kashi 10 na nauyin duka ya sauka kan ƙwallon ja na mota, wajen kilo 75 in an cika 750. In aksil ya matso gaba, baya ya yi nauyi, amalanke zai fara rawa da mota da zarar gudu ya ƙaru, yana kaɗa ta hagu da dama har direba ya rasa sitiyari. Bayan an sa shi, a ja mita daga tsakiyar mahaɗin wuya zuwa kowane bakin aksil, su zo daidai. Idon sifirin na gaba a kafe yake, na baya kuma a kan lilo, don sifirin yana miƙewa in kaya sun danne shi; in an kafe duka biyu, ko ya karye ko ya yage mazauninsa. Kuma ba a taɓa ɗora walda a kan ganyen sifirin, zafi yana kashe shi. Da ƙarfe mai lanƙwasa da noti ake ɗaure shi.

Wuya shi ne inda rai yake, kuma a nan zan daɗe. Bara waccan an jawo mini wani amalanke daga hanyar Dakoro, an ɗaure wuyansa da igiya. Na duƙa na leƙa. Wanda ya yi shi ya kawo bututu guda ya manna bakinsa a ƙarfen gaba na akwatin, ya zagaye shi da walda mai kyan gani, ya shafe da fenti. Inda ya tsage, rabin karayar ta yi tsatsa baƙi ƙirin, rabin kuma tana ƙyalli. Ma'ana ya daɗe da fara tsagewa, kullum ana tafiya yana ƙara buɗewa, sai ranar nan sauran ya ƙarasa. Mai shi ya ce buhunan gero ne a kai da yaransa biyu, Allah ya kiyaye a cikin rairayi abin ya faru, mota na tafiya a hankali. Na daɗe riƙe da guntun ƙarfen nan a hannu.

Wuyan kirki ƙarfe biyu ne, su haɗu a gaba kamar bakin kibiya, su ratsa ta ƙarƙashin akwatin har su isa kusa da mazaunin sifirin na gaba. Inda suka gitta ƙarfen gaba, nan ne yake lanƙwasawa duk lokacin da aka faɗa rami, saboda haka a bi tsawonsa da walda ta gefe, kada a ratsa samansa da ita, don nan tsaga take farawa. Ƙarfe mai kauri a fere bakinsa da injin gurza kafin a haɗa, walda ta samu shiga ciki. Sandar waldar da muka saba da ita, 6013, mai milimita 2.5 tana son wuta tsakanin amfa 60 da 90, ita ce ta falanki da bango, mai 3.2 tana son 90 zuwa 130, ita ce ta firam. A wuya da mazaunin sifirin na fi son 7018 in injin zai ja ta, amma ba ta son danshi, da damina sai an adana ta a rufe. Abin da ya fi ɓata aiki a garin nan shi ne yin walda da wuta mai rauni. Sanda tana liƙewa, narkakken ƙarfe yana kwanciya a sama kamar kashin tsuntsu bai ci jikin ba. In wuta ta yi ƙasa, a bar wuya sai ta dawo ko a tayar da janareta mai ƙarfi. Kowane layi a kakkaɓe ɓawonsa a duba kafin a ɗora wani.

Mahaɗin a sayi na kamfani mai shiga ƙwallo na milimita 50, a ɗaure da noti masu ƙarfi. Sarƙa biyu a gicciye a ƙarƙashin wuya, yadda in ya kuɓuce zai faɗa a kansu. Fitilun baya da sigina, da jan madubi mai kusurwa uku a kowane gefe. Bango da ƙofar baya kuwa ka yi yadda aljihunka ya iya, ko katako ne, ko raga, ba abin da zai same ka. Jan fenti na hana tsatsa a fara shafawa, launi daga baya. Kafin a yanka ƙarfen farko, ka leƙa ofishin sufuri ka ji takardun da za su nema.

Saura maganar kuɗin hannu, wadda a kanta ake yawan ɓatawa. Mutum zai biya mai ƙarfe ba musu, ya biya mai taya, ya biya mai aksil, in ya zo kan mai walda sai ya tsaya ciniki kamar ana sayen tumatir da yamma. Alhali a cikin abin da muke kira kuɗin aiki akwai sandunan walda, da fayafayan yanka da na gurza, da mai na janareta, da haya, da abincin yara. Amalanken nan yana cin mini kwana huɗu ni da yaro babba guda da ƙarami. Lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar a watan Agusta na 2023, har zuwa Maris na 2024, a kan man janareta ribar shaguna da yawa ta ƙare. Mai waldan da aka matse a ciniki ba zai ce ya fasa ba, yana da iyali. Zai karɓa, sannan ya rage inda ido ba ya gani: layi ɗaya maimakon biyu, ba fere baki, kuma ya bar wa yaron da bai ƙware ba wuya. Araha ba ta ado. Ni yadda nake yi, mai aiki ya sayi kayansa da kansa ko mu je tare, na rubuta masa abin da wuta za ta cinye daban, kuɗin hannuna daban, ya ba da rabi a fara, rabi ranar gwaji.

Matasa suna tambayata ko sana'ar tana ci da mutum. Tana ci, amma hawa-hawa ce. Ɗan koyo ba shi da albashi, sai abincin rana da kuɗin sabulu da ɗan abin da maigida ya miƙa in an gama babban aiki, haka har shekaru kafin a yaye shi. Babban yaro ana biyansa a kan aiki, wata ya yi kyau bayan girbi lokacin da ake ƙofofi da tagogi da amalanken shanu, wata kuma ya yi shiru. Mafi ƙarancin albashi na doka a Nijar ya daɗe a sefa 30,047 tun 2012, aka ɗaga shi zuwa 42,000 daga Janairun 2024, jika arba'in da biyu. Ina ganin duk maigidan da yaronsa ya kai a ba shi wuya ya yi shi kaɗai, bai kamata watansa ya gaza wannan ba, kuma nawa na sa ido a kai ko da kasuwa ta yi sanyi.

Suna nuna mini a waya cewa a Amurka mai walda yana samun kuɗi, kuma gaskiya ne, matsakaicin abin da yake samu a 2023 dala 48,940 ne a shekara, kafin haraji da haya irin tasu. Amma ba sai an je can ba a ga bambancin. Matatar mai ta Damagaram da aka buɗe a 2011, da bututun mai na kusan kilomita 2,000 daga Agadem zuwa gaɓar Binin, da layin dogo na Kano zuwa Maradi da aka aza harsashinsa a 2021, irin waɗannan ayyuka mai takardar shaida suke nema, wanda ya iya karanta zane, ya iya walda a tsaye da ta sama da kai, wanda za a haska aikinsa da na'ura a ga ba rami a ciki. Shi ya sa nake tura yarana cibiyar koyon sana'a ko sun iya aiki a hannu, su samo takarda. Kuma ina hana su abu uku da na ga sun nakasa mutane: walda ba gilashi mai duhu, don daren da ido ya kama kamar an zuba yashi ba ya mantuwa, taɓa duro ko tankin da ya taɓa ɗaukar mai, da ɗora wuta a kan rim taya tana jiki. Ƙarfe mai farin rufi na zinki kuma a fitar da shi fili, hayaƙinsa yana sa zazzaɓi.

Alhajin nan dai a ƙarshe ya yarda da na buhu huɗu, ya ce zai riƙa yin sawu uku. Ranar gwaji muka ɗora buhunan siminti tara, muka sa sikeli a ƙarƙashin wuya muka matsar da buhu biyu gaba har ya nuna kilo saba'in da 'yan kai. Muka bi hanyar Tsibiri a hankali, muka ƙara gudu, ina zaune a baya ina kallonsa ta gilashi ko zai yi rawa. Da muka tsaya na dafa kan kowane boris da bayan hannu. Ɗumi ba laifi, amma na hagu ya fi zafi, na kwance na sassauta notin kaɗan na ƙara giris na mayar da fil ɗin da ke riƙe notin. Na shiga ƙarƙashi da tocila na bi waldar wuya layi-layi. Na ce masa bayan sawu biyu ya dawo da shi a sake ɗaure notin tayoyi da na sifirin, don sabon ƙarfe yana zama, kuma duk ranar kasuwa kafin ya ɗora kaya ya duƙa ya dubi inda wuya ya gitta ƙarfen gaba, in ya ga siririn layin tsatsa a cikin fenti ya sauke kayan ya kawo mini shi.